Wasiƙa zuwa ga aminina a kan filin golf mai itatuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, kuma na karanta ta har sau biyu, musamman wurin da ka ce tun da ka koma zama kusa da teku ka saba da filayen gaɓa, ka daina ɗaukar filayen golf na cikin itatuwa a bakin komai, domin a ganinka inda babu iska babu wahala. Na so in ba ka amsa nan take, amma na dakata har sai na sami hujja. Ranar Asabar da ta wuce na same ta, ko da yake ta zo mini da tsada, domin ƙwallo 3 na baro a can.

Filin da na je irin wanda aka shimfiɗa kamar lambu ne, nesa da teku, mai rami 18 da ƙa'idar bugu 72, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai gama zagayen da shi. Mun fara da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Daga wurin bugun farko mutum yana hangen koriyar hanya ta gangara tsakanin layi biyu na manyan itatuwa, wani rafi ya ratsa ta a ƙasa, sannan ta sake hawa zuwa inda tuta take. An aske ciyawar hanyar layi-layi, wani mai haske wani mai duhu, kuma saboda shirun wurin ana jin amon sanda daga rami na uku ko na huɗu. Ba zan ɓoye maka ba, kyan wurin ya ruɗe ni, har na ɗauka cewa filin da ya yi laushi haka a ido zai yi laushi a hannu.

Ka san halina da babbar sanda, wadda ta fi kai ƙwallo nesa. A rami na biyu, wanda yake lanƙwasa zuwa hagu kamar gwiwar hannu, mai ɗaukar jakata ya miƙo mini sandar ƙarfe mai lamba 5, ya ce in ajiye ƙwallon a daidai lanƙwasar kawai. Na ƙi, na ce zan tsallake saman itatuwan kusurwa in rage tafiya. Bugun ya fita da kyau, amma reshe na ƙarshe ya tare shi, muka ji ƙwas, daga nan babu wanda ya sake ganin ƙwallon. Ganyen da ya zube ya rufe ƙasa, kuma tun daga 2019 doka ta rage lokacin neman ƙwallo daga minti 5 zuwa minti 3, wanda ba ya isar mutum ya tone ko gindin itace ɗaya. Da yake ban buga ƙwallon wucin gadi ba, wato na biyun da ake bugawa ko da na farko zai ɓace, sai da na taka da ƙafa na koma inda na fara, da tarar bugu ɗaya a kaina, 'yan wasan da ke bayanmu suna tsaye suna kallona. Na tashi daga ramin da bugu 8 inda ƙa'ida take 4.

A nan ne nake ganin ka yi kuskure a lissafinka. A filin gaɓar teku ƙasa yashi ce, ruwa ba ya zama, ƙwallo yana gudu bayan ya faɗi, don haka wanda ya kauce hanya sau da yawa yana iya danne ƙwallonsa ya gangaro da shi a ƙasa har gaban tuta, domin babu abin da ya tsaya tsakaninsa da ita sai tudu da ramin yashi. A filin lambu ƙasa tana da laka kuma tana riƙe ruwa, ƙwallo yana tsayawa kusan inda ya sauka, saboda haka dole wasan ya bi ta sama, sama kuwa ita ce itatuwa suka mamaye. Ramin yashi yana kama ƙwallon da ya faɗa cikinsa ne kawai, amma itace yana hukunta har wanda ƙwallonsa yake zaune lafiya a kan gajeriyar ciyawa, idan dai ya zauna a gefen da bai dace ba. Sau biyu ina tsakiyar hanya amma ba na ganin tuta saboda wani reshe da ya miƙo. Kuma doka ba ta ba mutum sassauci kyauta don itace ya tare shi: ko ya buga yadda ya tarar, ko ya ce ƙwallon ba ya buguwa ya ɗauki tarar bugu ɗaya.

Maganar iska kuma, tana nan, ɓuya kawai take yi. A wurinku tana bugun fuskarka ka san daga ina ta fito. A nan kana tsaye cikin kariyar itatuwa, ko rigarka ba ta motsi, amma da ƙwallo ya ɗaga sama da kawunansu sai wata iska da ba ka ji ba ta ɗauke shi. A rami na bakwai, gajere mai ƙa'idar bugu 3 wanda tafki ya kwanta a gabansa, na yanki ciyawa na watsa sama ta faɗo a ƙafata, na buga da natsuwa, ƙwallon ya tsaya a sama kamar an riƙe shi, sannan ya faɗa ruwa. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne tuna rami na 12 a filin Augusta na jihar Jojiya a Amurka, wanda tsawonsa yadi 155 ne kacal, da rafi a gabansa da iska mai juyawa tsakanin itatuwa. A can ne Jordan Spieth ya jefa ƙwallo biyu a ruwa a zagayen ƙarshe na gasar Masters ta 2016, ya tashi da bugu 7, gasar da yake jagoranta ta kuɓuce masa, kuma a can ne Tiger Woods ya yi bugu 10 a 2020. Idan gajeren rami a cikin lambu ya yi wa waɗannan haka, ai nawa bugu 5 abin godiya ne.

Na gama rami tara na farko da bugu 49. A nan na zauna a kan benci na yi wa kaina faɗa, na yarda cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, na kuma mayar da babbar sanda cikin jaka. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanda 14, ni kuwa duk safiyar nan kamar guda ɗaya na sani. Daga rami na goma na fara lissafi daga tuta zuwa baya: in duba ta wane gefe ake shiga dandalin rami, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ke kewaye da tuta, ba tare da reshe ko yashi ya tare ba, sannan in nemi wurin da zan ajiye bugun farko domin in sami wannan gefen, ko da zai rage mini yadi 40. Wasan ya canza kamar ba ni ba. Na kuma lura cewa dandalin da inuwa ta rufe yana riƙe raɓa har rana ta ɗaga, ƙwallo yana tafiya a hankali a kansa, alhali na cikin rana ya bushe yana santsi, don haka ƙarfin da ya isa a wannan rami yakan wuce da ƙwallo a na gaba. Ramin da faɗinsa inci 4 da kwata ne ba ya yafe irin wannan rashin lura.

Rami na 16 shi ne ya fi tsaya mini a rai. Dogo ne mai ƙa'idar bugu 5, kuma wani tsohon itace yana tsaye shi kaɗai kusan a tsakiyar hanya, rafi a damansa, doguwar ciyawa a hagunsa, gaba kura baya siyaki. Da safe da na zage shi na ce a sare. Har na tuna da Shugaba Eisenhower na Amurka, wanda wani itace a rami na 17 na Augusta ya sha tare masa ƙwallo har ya nemi a taron kulob na 1956 a sare shi, aka ƙi, itacen ya ci gaba da tsayawa da sunansa har 2014 lokacin da guguwar ƙanƙara ta lalata shi aka cire. Ni dai ban nemi a sare komai ba. Na ajiye bugun farko kafin itacen, na biyu na bi ta ƙarƙashin rassansa da sanda mai lamba 4 ƙasa-ƙasa, irin bugun da kai ka koya mini, na uku ya sauka kamar taku shida daga tuta, na gangara shi ya shiga. Bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida, shi kaɗai na samu a ranar. Tara na biyu na yi 42, jimla 91.

Ban ce filayenku ba su da wuya ba, kuma na san asalin wasan daga gaɓar tekun Sikotland yake, inda a St Andrews aka mayar da zagaye rami 18 a 1764. Abin da nake roƙo shi ne ka janye maganarka har sai ka zo ka tsaya a wurin bugun rami na biyun nan da babbar sandarka a hannu. Ka sanar da ni watan da za ka sami hutu domin in kama mana lokacin safe, kuma ka taho da ƙwallaye fiye da yadda kake tsammani.

Ka gaishe mini da iyali da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.