Shekarun Scott Drew a Jami'ar Baylor da haƙurin da aka yi da shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili domin in yi magana a kan wani mai horar da 'yan ƙwallon kwando a wata jami'a ta Amurka, wanda na daɗe ina bibiyar aikinsa, kuma nake ganin labarinsa ya cancanci a karanta shi da Hausa. Shafukan wasanni na jaridunmu sun fi karkata ga ƙwallon ƙafa, kuma ko da an taɓo ƙwallon kwando, gasar NBA ake nufi, alhali galibin taurarin wannan gasa daga jami'o'i suke fitowa, a hannun masu horarwa waɗanda ba kasafai ake ambaton sunayensu ba. Wanda nake nufi shi ne Scott Drew, kocin ƙungiyar maza ta Jami'ar Baylor da ke birnin Waco a jihar Texas.

Sai an san halin da ya tarar da ƙungiyar kafin a gane nauyin abin da ya yi. A bazarar 2003 wani ɗan wasan Baylor ya harbe abokin wasansa Patrick Dennehy har lahira. Binciken da ya biyo baya ya tono cewa kocin ƙungiyar na lokacin, Dave Bliss, yana biyan kuɗin makarantar wasu 'yan wasa a ɓoye, abin da dokokin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA suka haramta, sannan aka naɗi muryarsa yana ƙoƙarin a ɓata wa mamacin suna domin ya rufa wa kansa asiri. Bliss ya ajiye aiki a watan Agusta, aka ba 'yan wasan damar komawa wasu jami'o'i ba tare da jira ba, gwanayen cikinsu kuwa suka tafi: Lawrence Roberts ya koma Mississippi State, John Lucas III ya koma Oklahoma State. A cikin wannan watan ne Drew ya karɓi aikin, yana da shekara 32 a duniya, bayan kakar wasa ɗaya tak da ya yi yana jagorantar Jami'ar Valparaiso, inda ya gaji mahaifinsa Homer Drew. Shi kansa bai buga wa wata jami'a wasa ba. A Jami'ar Butler, inda ya kammala karatu a 1993, hidimar ƙungiya yake yi a matsayinsa na ɗalibi. Duk da haka, a ganawarsa ta farko da manema labarai ya bayyana cewa burinsa shi ne ya ci kofin ƙasa baki ɗaya, maganar da a wancan lokaci da wuya a sami wanda ya ɗauke ta da muhimmanci.

'Yan wasan da suka rage masa ba su isa ba, har sai da ya buɗe gwaji ga ɗaliban jami'ar waɗanda ba wasa ya kawo su ba domin ya cike gurbi. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta ci wasa 8 aka doke ta a 21, a ta biyu ta ci 9 aka doke ta a 19. Ta uku ita ce mafi tsanani, domin hukumar NCAA, saboda laifin da ba shi ya aikata ba, ta hana Baylor buga kowane wasa da jami'o'in da ba na rukuninta na Big 12 ba. Ma'anar wannan hukunci ita ce, yayin da abokan karawarsu suka fara wasa tun Nuwamba suna gogewa, 'yan Baylor atisaye kawai suke yi a tsakaninsu har watan Janairun 2006, sannan suka faɗa kai tsaye cikin ɗaya daga cikin rukunai mafi wuya a ƙasar. Wasa 4 suka ci, aka cinye su a 13. Idan aka haɗa da kaka ta huɗu, wadda aka tashi 15 da 16, za a ga cewa a shekaru huɗu Drew ya ci wasa 36 ya sha kashi a 69.

A nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami yake. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai zai ce a sallami kocin, kuma mun sha ganin an sallami masu horarwa a kan sakamakon da bai kai wannan muni ba. Hukumomin jami'ar ba su yi haka ba, domin sun dubi abin da alƙaluman ba su nunawa: cewa kowace shekara 'yan wasan da yake jawowa sun fi na bara ƙwarewa, cewa matasa da iyayensu sun fara yarda su amince wa makarantar da sunanta ya ɓaci, kuma cewa mataimakansa, irin su Jerome Tang wanda ya zauna tare da shi daga 2003 har 2022, ba su watse ba. Ni a ganina wannan shi ne ma'aunin adalci ga mai horarwa, wato a duba daga ina ya ɗauko ƙungiya da kuma inda ta fuskanta. Ba ina cewa a bar kowane koci ya yi ta zama ba ne ko da babu alamar ci gaba. Haƙurin da nake yabawa shi ne wanda yake da hujja a bayansa, kuma a Baylor hujjar tana nan ga duk wanda ya so ya duba.

A kaka ta biyar aka fara girbi. Ƙungiyar ta ci wasa 21, ciki har da wanda ta doke Texas A&M da ci 116 da 110 bayan ƙarin lokaci har sau biyar, ta kuma shiga gasar NCAA ta 2008, karon farko tun 1988. Ga wanda bai saba da tsarin ba, wannan gasa ta watan Maris ta sili-ɗaya-ƙwale ce, wasa ɗaya aka doke ka ka tattara kayanka, kuma a cikin jami'o'i fiye da 300 na matakin farko a ƙasar, 65 ne kaɗai ake zaɓa a wancan lokaci. Shekaru biyu bayan haka Baylor ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, inda Duke ta fitar da ita da ci 78 da 71. Ginshiƙin tsaron wannan ƙungiya ta 2010 shi ne Ekpe Udoh, ɗan asalin Najeriya, wanda ƙungiyar Golden State ta ɗauka a matsayi na shida a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na shekarar, daga baya kuma ya sa rigar Najeriya a wasannin Olamfik na Tokyo. A 2012 ma sun sake kaiwa wannan mataki, Kentucky ta tare su. A duka biyun, wadda ta fitar da su ita ce ta ɗauki kofin.

Gaskiya ta wajabta in faɗi inda aka samu tangarɗa. A 2012 hukumar NCAA ta samu jami'ar da laifin kiran waya da aika saƙonni ga matasan da take zawarci fiye da yadda doka ta yarda, aka dakatar da Drew wasa biyu, kuma wannan tabo ne da bai kamata mai yabonsa ya ɓoye ba, musamman a makarantar da ta san abin da karya doka ya jawo mata. Sannan a 2015 da 2016 ƙananan ƙungiyoyi, Georgia State da Yale, suka yi waje da Baylor tun a zagayen farko. A wannan tsakani ne zargi ya yi ƙarfi cewa Drew gwani ne wajen jawo 'yan wasa amma ba gwanin tsara wasa ba ne.

Yadda ya amsa wannan zargi shi ne abin da ya fi burge ni a duk aikinsa. Shekaru da dama an san Baylor da tsaron yanki, inda kowane ɗan wasa yake kare wani sashe na fili, dogaye masu tsawon hannu suna toshe hanyar kwando. Mutumin da ya shafe fiye da shekara goma sha biyar a wuri ɗaya, kuma wannan salo ya kai shi inda ya kai, ba zai rasa hujjar ci gaba da shi ba. Sai ya ajiye shi ya koma tsaron mutum-da-mutum, irin wanda ake tilasta wa mai riƙe da ƙwallo ya bi gefen fili, a hana shi ratsawa ta tsakiya, abokan tsaro kuma su riƙa kawo ɗauki cikin hanzari. Ya kuma sauya irin 'yan wasan da yake nema. Maimakon dogaro da fitattun matasa masu shekara ɗaya su wuce NBA, ya tattaro waɗanda manyan jami'o'i ba su damu da su ba: Davion Mitchell da bai samu wuri sosai a Auburn ba, MaCio Teague daga UNC Asheville, Adam Flagler daga Presbyterian, da Jonathan Tchamwa Tchatchoua ɗan Kamaru daga Jami'ar Nevada da ke Las Vegas (UNLV). Kowannensu ya zauna kaka guda yana atisaye ba ya buga wasa, kamar yadda dokar sauya makaranta ta tanada a lokacin, kuma wannan zaman ne ya sa suka san juna suka san tsarin.

A kakar 2019 zuwa 2020 suka ci wasa 23 a jere, sai annobar korona ta sa aka soke gasar ƙasa gaba ɗaya. Manyan 'yan wasan suka zaɓi su dawo. A kaka ta gaba cutar ta tsayar da su makonni uku a watan Fabrairu, amma duk da haka suka ɗauki kambun Big 12, wanda shi ne kambun rukuni na farko da jami'ar ta samu tun 1950. A wasan kusa da na ƙarshe suka lallasa Houston da ci 78 da 59. Ranar 5 ga Afrilu, 2021, a birnin Indianapolis, suka haɗu da Gonzaga wadda ta ci wasa 31 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, tana neman zama ta farko da za ta kammala kaka haka tun bayan Indiana a 1976. Baylor ta zuba maki tara kafin Gonzaga ta ci ko ɗaya, ba ta kuma bari an sha gabanta ba har aka tashi 86 da 70. A ɓangaren Baylor, Jared Butler ya ci maki 22, Mark Vital ya cafke ƙwallo 11 daga waɗanda suka dawo daga kwando. Shekara goma sha takwas ke nan bayan maganar da Drew ya yi ranar da ya kama aiki.

Daga 2022 zuwa 2025 ƙungiyar ta shiga gasar NCAA kowace shekara, amma kowane karo a zagaye na biyu ake fitar da ita, kuma masu ƙorafi sun sake ɗaga murya. Ina ganin ya kamata a yi la'akari da cewa filin ya sauya, domin tun 2021 an sassauta dokar sauya makaranta, an kuma ba ɗalibai 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu, saboda haka riƙe ɗan wasa shekara uku ana gina shi, wanda shi ne sirrin nasarar 2021, ya zama abu mai wuya ga kowane koci. Ko Drew zai sake gano hanya a wannan sabon yanayi kamar yadda ya yi a baya, wannan shi ne abin da nake zuba ido in gani, kuma na ji daɗi da ya ƙi komawa Kentucky lokacin da ta neme shi a 2024, ya zauna inda ya fara ginin.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan watan Maris ya zo a ware wa gasar jami'o'in Amurka ko da rabin shafi ne, a riƙa kawo sakamako tare da bayanin masu horarwa da 'yan wasan Afirka da ke cikinta, domin akwai masu karatu da yawa da ke son wannan wasa kuma ba su da inda za su karanta shi da harshensu.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu kuma mai sha'awar ƙwallon kwando