A karanta mana rahoton Odita-Janar da Hausa, a kuma faɗa mana nawa aka dawo da su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran ma'aikatan gidan rediyonku, da fatan kuna lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da mu masu sauraro?

Ƙorafi na kawo, kuma wani kaso nasa a kanku yake, ku 'yan jarida. Duk shekara in rahoton Odita-Janar, babban mai binciken asusun gwamnatin Ghana, ya fito, sai ku zaro adadi guda mai firgitarwa daga ciki, biliyan kaza sun bi ruwa, ku yi kwana biyu kuna nanata shi. Masu waya su bugo su yi Allah ya isa, ɗan jam'iyyar NDC ya ce 'yan jam'iyyar NPP ne ɓarayi, ɗan NPP ya ce ai ku kuka koya mana, lokacin shiri ya ƙare, a sa talla. Ban taɓa jin kun dawo bayan wata shida kun ce: jama'a, kun tuna kuɗin nan? To ga abin da aka karɓo, ga wanda ya biya, ga wanda ya tafi kotu, ga wanda har yanzu yana kan kujerarsa kamar ba a yi komai ba. Wannan bayanin na biyu shi muke nema, kuma shi ne babu.

Dokar kanta ba ta da laifi. Sashe na 187 na tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa Odita-Janar duba asusun ma'aikatu, kotuna, jami'o'i, kamfanonin gwamnati da asambili-asambili, wato hukumomin gundumomi da birane, ya kuma miƙa wa majalisa rahoto cikin wata shida bayan ƙarewar shekarar kuɗi. Dokar kula da kuɗin gwamnati ta 2016 ta ba kowace hukuma wata biyu bayan ƙarshen shekara ta rufe littattafanta ta miƙa. Abin da ya fi duk wannan nauyi, wanda da yawanmu a zango ba mu sani ba, shi ne sashen na 187 ya ba Odita-Janar ikon ya soke duk wani kashe kuɗi da ya saɓa doka, ya ɗora wa wanda ya jawo asarar ya biya daga aljihunsa. Wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Wannan iko ya yi sama da shekara 20 yana barci, sai da ƙungiyar OccupyGhana ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2017 cewa yin amfani da shi wajibi ne a kan Odita-Janar, ba ganin dama ba ne.

Mun ga abin da ya biyo baya. Daniel Domelevo, wanda aka naɗa Odita-Janar a Disambar 2016, ya duba basussukan da ma'aikatu suka ce 'yan kwangila da masu kawo kaya suna bin gwamnati zuwa ƙarshen 2016, ya ƙi amincewa da kimanin sidi biliyan 5.4 daga ciki. Wasu an riga an biya su ana neman a sake biya, wasu babu takardar da ta goyi bayansu, wasu kuma ba a yi aikin ba. Da ba a duba ba, da tuni an biya, kuma da babu wanda zai ji labari. Sai ga shi fadar shugaban ƙasa ta ce ya tafi hutun da ya tara, kwana 123, daga farkon Yulin 2020, da ya yi magana aka mayar da su 167. Da ya dawo a Maris ɗin 2021 aka ce shekarunsa sun kai, ya tafi gida. A Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta ce tilasta masa hutun nan ya saɓa wa tsarin mulki. Gaskiya ce, amma ihu ne bayan hari, mutum ya riga ya tafi. Kuma duk wani ƙaramin odita da ke zaune a ofishin gunduma ya ga abin da ya sami ogansa, ya kuma ɗauki darasinsa.

Kada wani ya ce na ɗauki ɓangare. Gwamnatin da ta hau a Janairun 2025 ta zo da alƙawarin ƙwato dukiyar da aka wawure, har kwamitin da aka kafa don tattara ƙorafe-ƙorafe yana da shi Domelevon a ciki. Madalla. Amma ma'aunin ɗaya ne: sidi nawa suka koma asusun gwamnati, kuma ranar da rahoto ya taɓa nasu mutanen, za su bar odita ya yi aikinsa ko shi ma za a tuna yana da hutu?

Akwai wani abu da nake so ku riƙa bayyanawa, domin rashin bayyana shi yana ɓata maganar gaba ɗaya. Ba duk adadin da ke cikin rahoto ba ne sata. Rahoton yakan raba kura-kuran kashi-kashi: na tsabar kuɗi, na albashi, na haraji, na sayen kaya, na kwangila, na kayan sito, na hayar gidajen gwamnati, da basussukan da ba a karɓo ba. A rahoton 2021 na hukumomi da kamfanonin gwamnati an ambaci sama da sidi biliyan 17, kuma mafi yawan wannan kuɗi bashi ne da ake bin wasu ba a karɓo ba. Sakaci ne, ƙwarai, kuma wani bashin ba zai taɓa dawowa ba, amma daban yake da ma'aikacin da ya rasu shekara biyu ana ci gaba da karɓar albashinsa, ko cek da aka rubuta babu bauca babu rasit. In kuka haɗa su duka kuka kira su sata, sai jami'in da abin ya shafa ya fito ya nuna cewa rabin maganarku ba daidai ba ce, ya fake da wannan ya tsere da ɗaya rabin da yake gaskiya. Mu kuma masu sauraro sai zuciyarmu ta mutu, don biliyan 17 ba adadi ne da mai sayar da koko zai iya kamawa a kansa ba. Sidi dubu 40 da wani mai karɓar haraji bai kai banki ba, wannan kowa ya gane shi, kowa kuma zai iya tambaya.

Shi ya sa hankalina ya fi karkata ga rahotannin asambili. Muna da asambili 261 a ƙasar nan, kuma Odita-Janar yana fitar da rahoto a kan asusunsu, da wani daban a kan yadda suka kashe kuɗin asusun bai-ɗaya da gwamnatin tsakiya ke raba musu, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. A nan ne kuɗin gotarmu yake, da na kwashe bola, da na bencin makaranta, da na fitilar titi. A asusun asambili ne kuma kuɗin tikitin harajin kasuwa da muke yanka kullum yake shiga.

Ni ɗan kasuwa ne, tikitin nan na san shi. Da sassafe mai karɓa zai zo da kundinsa a hannu da jakarsa a wuya, ya yago maka 'yar takarda mai lamba, ka soke ta a ƙusa kusa da sikeli don kada wani ya sake zuwa da rana. Wata rana kuma ya ce kundi ya ƙare, kawo kuɗin gobe zan haɗa maka biyu. Gobe ta yi, ɗaya zai ba ka, kai kuma ba ka da lokacin jayayya don ga mai saye a tsaye. Wannan kundin da muke rainawa, kowane ɗaya yana da lamba a rajista, kuma aikin odita ne ya ƙirga nawa aka fitar daga sito, nawa aka dawo da gindinsu, nawa aka zuba a banki. Kusan kowace shekara za ka tarar a rahoto an rubuta masu karɓar haraji da ba su kawo lissafi ba, da kundayen rasit da ba a gabatar wa masu bincike ba. Ke nan abin da muke gani da ido a kasuwa, an rubuta shi a Ankara, babban birnin ƙasarmu, da Turanci, cikin littafi mai ɗaruruwan shafuka da aka ɗora a intanet, mu da abin ya shafa ba mu san an rubuta ba. Mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗi ta kullum da ke zagaya rumfunanmu, in ya karɓi kuɗinka sai ya sa alama a katinka ya sa a nasa, ƙarshen wata a haɗa kati biyu, in sun saɓa kasuwa duka ta ji. Iyakar abin da muke nema ga hukuma ke nan.

A unguwarmu akwai ginin ajujuwa da aka fara aka kai shi linta aka tsaya. Rodin da ya leƙo sama ya yi tsatsa, yashin da aka zube yara sun kwashe da wasa, tumaki ne ke kwana a ciki. Allon kwangilar yana nan, rana ta cinye rubutun, amma ko lokacin da yake sabo babu kuɗin aikin a jiki, babu ranar gamawa. In ka tambayi asambiliman, wakilin unguwa a asambili, ya ce ana jiran kuɗi daga sama. Wataƙila gaskiyarsa ce, domin kuɗin asusun bai-ɗaya yakan makara sosai. Wataƙila kuma an biya ɗan kwangila fiye da aikin da ya yi ya ƙara gaba. Amsar tana cikin takarda, kuma akwai wanda gwamnati ke biya albashi don ya duba takardar. Mu dai ba a karanta mana ba, shi ya sa kowa ke yanke hukunci da zato a bakin shago, a ɓata sunan mai gaskiya, a bar mai laifi.

Kwamitin majalisa mai duba asusun gwamnati, wanda bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantarsa, yana zama a bainar jama'a, ana nunawa a talabijin. Ina kallo in na samu sarari, kuma ba zan ce ba shi da amfani ba. Sau da yawa za ka ji akanta ya ce, ranka ya daɗe, an mayar da kuɗin, ga rasit, in aka duba kwanan wata sai a ga bayan takardar gayyata ta iso ne aka biya. To ko ba komai tsoron kyamara ya dawo da wani abu. Sai dai mutumin da ya riƙe kuɗin jama'a shekara biyu ya mayar da su ba ko sisin ƙari, a ƙasar da tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022, ai bashi ya ci kyauta. Ga kuma amsar nan da ta zama waƙa: lokacin ba ni ne a ofis ba, wanda ya yi an yi masa canjin wurin aiki. Canjin wurin aiki ba barin ƙasa ba ne. Yana wata gunduma yana karɓar albashi daga asusu ɗaya, me ya hana a cire daga can?

Na tuna rahoton kuɗin korona da ya fito a Janairun 2023. An tara kimanin sidi biliyan 21.8 da sunan annobar, wajen rabi ne aka kashe a kanta, saura aka cike giɓin kasafi da su, kuma akwai allurar rigakafi ta kimanin dala miliyan 80 da aka biya amma ba ta iso ba har lokacin binciken. A daidai wannan lokaci ne tsofaffi 'yan fansho suke zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi saboda shirin sauya takardun bashin da suke bin gwamnati, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo a cikinsu, mu kuma muna biyan harajin korona na kashi 1 cikin 100 a kan kaya. An yi mako guda ana kumfar baki. Yau ka tsayar da mutum goma a kasuwar Kejetia ka tambaye su ƙarshen maganar, ka ga ko ɗaya zai iya faɗa maka.

Don haka ga roƙona, Malam Edita. Ku ware rabin awa a mako, ku ɗauko rahoton asambili ɗaya daga cikin na Kumasi da kewaye, ku karanta shafinsa da Hausa, sannu a hankali, yadda tsohuwa a ɗaki za ta gane: ga abin da odita ya gani, ga kuɗin, ga abin da ya ce a yi. Ku gayyato jami'in kuɗi na wurin ko wani daga kwamitin binciken da dokar 2016 ta ce kowace hukuma ta kafa don bin sawun shawarwarin odita, ya zo ya amsa. In ya ce an gyara, ya zo da takarda. In ya ƙi zuwa, ku faɗa mana ya ƙi. Wanda odita bai sami komai a wurinsa ba, shi ma ku faɗi sunan asambilinsa, don akwai ma'aikata masu tsoron Allah da kullum ake yi musu kuɗin goro da ɓarayi. Haka nan asusun raya zango da aka kafa da doka a 2017, da sunanmu aka kafa shi, ya kamata mu fi kowa sanin abin da ya shiga da abin da ya fita, da unguwannin da aka ce an yi wa aiki, don mu je mu gani da idonmu.

Ku kuma sanar da mutane cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya nemi bayani a ofishin gwamnati, a amsa masa cikin kwana 14, kuma wanda bai iya rubutu ba yana iya faɗa da baki jami'i ya rubuta masa. Sarakunan zango da limamanmu da ƙungiyoyin matasa, da suke rubuta takardar neman gudummawa duk lokacin Mauludi ko gasar ƙwallo, su ƙara guda ɗaya ta neman kwafin kwangilar gotar unguwa. In kuka fara shirin, ni da abokan sana'ata za mu riƙa aiko muku da tikitocinmu da lambobinsu, da hotunan ayyukan da aka yasar, ku haɗa da abin da ke cikin rahoto.

Na gode da ba ni fili. A gaida mutanen ofis.

Naku mai sauraro,
wani ɗan kasuwa daga zango, Kumasi