Baƙonku na shirin fasaha ya yaudari matasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin kimiyya da fasaha na makon jiya ya ɓata mini rai, mai gabatarwa kuma ya ƙara gishiri, don bai tsayar da shi ko sau ɗaya ba. Wai tunda yanzu an ba AI (ƙirƙirarriyar basira) ido a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, matasa su daina wahalar da kansu da koyon bin diddigin kuskure a manhaja. Haba Malam! A gidan rediyo ake faɗin wannan, yara masu koyo suna ji?

Gina manhajojin intanet sana'ata ce, kayan da yake ta kambamawa kuwa kullum da su nake aiki. Ban ce ba su da amfani ba. A da, in AI ya rubuta maka kod, bai san yadda shafin ya fito ba, sai kai ka buɗe, ka kwafo jan rubutun kuskure da ke konsol, wato tagar da burauza ke nuna kurakurai, ka liƙa masa. Tun da Anthropic ta fito da tsarin MCP, wato hanyar haɗa AI da wasu manhajoji, a Nuwamban 2024, Microsoft ta gina kayan aiki a kansa na Playwright, Google kuma ta sako na Chrome DevTools a Satumban 2025, ɗan aiken, wato AI ɗin, da kansa yake buɗe shafi, ya danna maɓalli, ya karanta konsol, ya bi saƙonnin da ke kai-komo tsakanin burauza da saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin), ya ga wanda ya dawo da lambar kuskure irin 404 ko 500. Har abin da ke sa shafi nauyi yana aunawa. Madalla.

To amma gani daban ne, sanin abin da ya kamata a gani daban. Kwanan baya shafin da ke nuna wa masu saye jerin kayan da suka yi oda ya tsaya mini cak. Na tura ɗan aiken. Ya buɗe, ya ga kuskuren da ke cewa ana neman bayani a wurin da babu komai, sai ya sa sharaɗi: in babu komai, a wuce. Jan rubutu ya ɓace, ya ɗauki hoton shafin tsaf, ya rubuto mini cewa an gyara. Wallahi shafin fes yake, sai dai jerin wayam! Mutum ya biya kuɗinsa, ya shigo a nuna masa bai sayi komai ba. Ashe a ɓangaren saba aka canza sunan gurbin da bayanin ke zuwa a ciki. Amsar tana nan a gabansa cikin saƙonnin da ya duba, amma da yake ta dawo da 200, lambar da ke nuna saƙo ya iso, sai ya ɗauka lafiya lau. Wanda baƙonku ya hana koyo, ta ina zai gane an rufe bakin kuskure ne kawai? Hannu zai sa ya tura wa jama'a.

Kuma bai ce uffan ba a kan haɗari. Duk abin da ke buɗe a burauzar nan ɗan aiken yana iya gani, har asusun da ka shiga ka manta ba ka fita ba. Google da kanta ta yi wannan gargaɗi a takardar bayanin kayan nata. Ga kuma mugayen shafuka da ake ɓoye umarni a cikin rubutunsu don a karkatar da AI. Wannan ne ya kamata a ja wa masu sauraro kunne a kai. Ku gayyato wanda ke aikin da hannunsa ya zo ya warware wannan magana, ba mai karanta tallar kamfanoni ba.

Af, kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin hira ya yi ƙara da yawa. Rabin abin da masu bugo waya suka faɗa ban ji ba, wanda ya fara tambaya mai ma'ana kuma kuka katse shi don talla. A gyara don Allah.

Naka,
Mai sauraro na kullum