A Daina Yawo Da 'Ya'yan Riƙo Gida-Gida

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yaran riƙo, musamman marayun da 'yan bindiga suka bar mana a Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa, da yawansu yanzu suna nan cikin garin Katsina hannun dangi.

Ba wai ba mu ɗauka ba ne, muna ɗauka. Ranar sadakar uku zuciyar kowa ta yi laushi, baffa ya ce a ba shi namijin, gwaggo ta ja macen, kawu ya tafi da autan, shikenan an raba 'yan ciki ɗaya. Bayan arba'in ne ake ganin gaskiya, matar gida ta ce ta gaji, a tura yaro wajen kaka, kaka ba ƙarfi ba abin hannu, ƙauye kuma ba ya zaunuwa, ƙarshe a miƙa shi almajiranci a ce ai karatu ya tafi.

Akwai wata yarinya a layinmu, kayanta kullum a ɗaure cikin buhun Bagco, ba ta yarda ta zazzage su don ba ta san ranar da za a ce ta tashi ba. Sa'o'inta suna sakandare ita tana aji 3 na firamare, duk gidan da aka kai ta sai a maida ta baya, in ma an sa ta ke nan, ɗiyan gida su sa yunifom ita ta ɗauki farantin talla. Wallahi wannan riƙon sakainar kashi ne. Ga gonar uban an sayar ba wanda ya tambayi kason yaran, alhali aya ta 10 cikin Suratun Nisa'i ta ce wuta mai cin dukiyar maraya yake zuba wa cikinshi.

Tarayya na da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Katsina ma ta yi tata a 2020 lokacin Gwamna Masari, to a yi aiki da ita mana. Roƙona ga Ma'aikatar Mata da Hisbah da masu unguwanni, duk yaron da za a ba wani riƙo a rubuta gaban mai unguwa da liman, a bar 'yan uwa gida ɗaya, sauran dangi su riƙa kawo hatsi da kuɗin makaranta maimakon a riƙa ɗaga yaron, kuma a samu mai leƙawa yana ganin halin da suke ciki.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Sauri, Katsina