Agogon cikin jiki da matsalar makara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin ɗalibai da ma'aikata a nan Gombe kan yawan makara. Galibi lalaci ake zargi, alhali sau da yawa agogon jiki ne ya goce.

A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai ɗan gungun ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 da ke tsara barci da farkawa. In duhu ya yi, jiki ya saki sinadarin melatonin mai kawo gyangyaɗi, zafin jiki ya sauka. Gab da asuba sinadarin kotisol mai farkar da jiki ya fara hawa, ya kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan tashi. A 2017 masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka samu kyautar Nobel saboda gano ƙwayoyin gadon da ke juya wannan agogo.

Agogon yawancin mutane ya ɗan zarce awa 24, don haka kullum sai an saita shi, kuma hasken safe ne ke saita shi. Hasken dare kuwa jinkirta shi yake yi. Nan muke kuskure: a kawo wuta ƙarfe 11 na dare, gida ya tashi guga da kallo da latsa waya har ƙarfe ɗaya, sannan a ce jiki ya farka da asuba.

Gyaran daga lokacin tashi yake farawa, domin ba a tilasta wa ido barci, amma ana iya tsayar da lokacin tashi. A riƙe lokaci ɗaya, har Asabar da Lahadi. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, saboda haka mai tashi ƙarfe biyar ya kwanta kafin goma. Wanda ya saba kaiwa tsakar dare kada ya yi tsalle ɗaya, zai yi ta juyi ne kawai a shimfiɗa. Ya riƙa matso da kwanciyarsa da minti 15 zuwa 20 duk bayan kwana biyu. Da gari ya waye ya fita tsakar gida ya sha haske na minti 20, don ƙwan lantarkin ɗaki bai kai hasken waje ƙarfi ba ko da hadari.

Goro da shayi da kofi duk suna da sinadarin kafeyin mai hana barci, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa na nan a jini. Wanda ya zauna teburin mai shayi bayan isha'i ya san abin da ya saya. Ƙailula tana da amfani, musamman a zafin Maris da Afrilu, amma kada ta wuce minti 30 ko ta kai la'asar.

Iyaye kuma su yi haƙuri da matasa. Da balaga agogonsu ke karkata zuwa dare, ga shi suna buƙatar awa 8 zuwa 10. Karɓe waya da ƙarfe tara ya fi faɗan safe amfani.

Wanda kuwa ke cika awanninsa amma ya tashi a gajiye, yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ya ga likita, domin wannan cuta ce da ke iya jawo hawan jini.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya, Gombe