Kada Mu Manta Da Su A Bencin Baya

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan gidan rediyonku. Na saurari shirin da kuka yi kan shaye-shaye a tsakanin matasan jihar Kebbi tun daga farko har ƙarshe, ina zaune a bakin shagon walda da nake aiki a nan Zuru. Jami'in hukuma ya yi magana, likita ya yi, malami ma ya yi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Sai dai ban ji muryar wanda ya taɓa sha ba, shi ya sa na ɗauki biro. Shekara shida na yi ina shan ƙwaya, yanzu kuma shekara huɗu ke nan ban kai ta bakina ba. Ni Kirista ne, ba kuma zan ɓoye ba, bangaskiyata ga Yesu Almasihu ce ta fisshe ni. Yadda abin ya faru nake so in bayyana, musamman domin 'yan'uwana na majami'a su ji, don akwai inda muke kuskure.

A gona na fara. Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san noma ne mutuncin namiji a wurinmu, har aure ma a al'adar iyayenmu da noman golmo, wato noman da saurayi yake yi wa iyayen budurwa, ake samunsa. Muna ƙwadagon noman dawa a damina, wani abokin aikina ya miƙo mini rabin ƙwayar tiramol ya ce in haɗa da shayi, zan ga aiki da cikawa. Na kuwa gani. Kunyar da nakan kai azahar ban gama ba, kafin hantsi na tashe ta, ba yunwa, ba ciwon baya. Ban ɗauke ta kayan maye ba, maganin gajiya na ɗauke ta, kuma haka yawancinmu muka shiga: leburori, 'yan kabu-kabu, masu dakon kaya a kasuwa. Rabi ya koma ɗaya, ɗaya ya koma uku. Wadda hukumar NAFDAC ta amince a sayar da takardar likita ba ta wuce mai ƙarfin 50 ko 100 ba, mu kuwa mai lamba 225 muke nema. Daga baya na haɗa da kodin. Da gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi, abin da ya canja a wurinmu kuɗin kwalba ne kawai. Ya tashi, mu kuma muka ƙara sata.

Abin da har yau yake sa ni hawaye shi ne rumbun mahaifiyata. Gwauruwa ce, da hannunta take noma. Da daddare nakan hau in zare dami ɗaya daga ƙasa, in gyara na sama yadda ba za a gane ba. Wata safiya na leƙo na gan ta tsaye a kan tsani, rabin jikinta cikin rumbu, tana ƙirga. Ta sauko, ta kakkaɓe zaninta, ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Ɗana, in ka gama da dawar, me za ka sayar kuma?" Ta ɗauki tulu ta tafi rafi. A ranar ma sai da na sha.

A majami'armu, da labari ya kai ga dattawa, suka kira ni suka sa ni a horo. Ga wanda bai sani ba, horo shi ne a sanar da laifinka a gaban ikilisiya, a hana ka cin jibin Ubangiji, a cire ka daga ƙungiyar mawaƙa, ka koma bencin baya har sai an ga ka tuba. Ban ce sun zalunce ni ba, na yi abin da ya fi haka. Amma shekara biyu na yi a bencin nan ba wanda ya zo gidanmu ya tambaye ni me nake sha, nawa nake sha, me ke faruwa in ban sha ba. An yanke hukunci, an rufe littafi. Waɗanda muka yi waƙa tare suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Masu sayar da ƙwaya kuwa ba su taɓa sauya hanya ba, har bashi suke ba ni.

A 2019 na faɗi a teburin mai shayi, jikina na karkarwa, na ciji harshena jini na zuba. Wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iska ce. Sai daga baya likita ya gaya mini cewa tiramol in ya yi yawa a jiki yakan jawo irin wannan jijjiga. Cikin ruɗewa dangi suka kai ni wani gidan addu'a a wata jiha, aka sa mini mari a ƙafa, aka ɗora mini azumin dole. Mako uku na yi, tabon na nan a idon sawuna. Ranar da na fito, kafin in iso gida na sayi ƙwaya a tasha. A shekarar nan ce 'yan sanda suka fitar da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, muka yi ta nuna yatsa kamar mu ba mu da irinsa. Muna da shi, ni shaida ne. Ina roƙon duk mai ɗaure mutum da sunan Yesu ya buɗe Markus sura 5 ya karanta. Mutumin nan da ke zaune a makabarta, sau da yawa an ɗaure shi da sarƙa da mari yana tsinkewa. Mutanen gari ne suka ɗaure shi. Yesu bai ɗaure shi ba, kuma a wurin Yesu aka same shi zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa.

Wanda Allah ya aiko mini wani tsoho ne, mai sharar majami'a, ba fasto ba ne, ko karatun kirki bai yi ba. A ƙuruciyarsa burkutu ya kusa kashe shi. Wata Lahadi ya baro wurinsa ya zo ya zauna kusa da ni a bencin baya. Aka tashi bai ce komai ba. Mako na biyu ma haka. A na uku ya ce, "Ɗana, gobe da asuba zan zo." Na ce, "To, Baba," don dai ya rabu da ni. Ƙarfe biyar sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Ya zauna a bakin tabarmata da tocila da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya cire, ya ce idonsa ba ya gani sosai, in karanta masa Romawa sura 7. Na kai wurin da Manzo Bulus yake cewa nagarin abin da yake so ya yi ba ya yinsa, mugun abin da ba ya so kuwa shi yake aikatawa, sai murya ta ƙi fita. Shekara da shekaru ina jin ana ce mini ɗan iska, marar zuciya, wanda bai ga dama ba ne. Ga manzo guda yana faɗin abin da ke cikina kamar ya leƙa. Baba ya ce, "Ka ga, ba kai ne na farko ba. Ci gaba, akwai sura ta takwas." Farkonta kuwa cewa take babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu.

A nan ne abin ya juya. Ni da na ɗauka sai na wanke kaina tsaf kafin Allah ya dube ni, na gane cewa a cikin dauɗar ya same ni. Mai shaye-shaye kunya ce take riƙe da shi fiye da ƙwayar: ka sha don ka manta abin da ka yi, ka farka ka ga ka ƙara wani, ka sake sha. Ranar da na gaskata an gafarta mini, igiyar nan ta tsinke. Sha'awar ƙwayar kuwa ba ta tafi ranar ba, ba kuma zan yi ƙarya a kan Allah in ce ta tafi ba.

Baban nan ne ya ce addu'a za mu yi, asibiti ma za mu je, don wanda ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi. Zumuntar mata suka yi karo-karo, aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, gaba da Sakkwato kaɗan. Can aka bayyana mini cewa gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barcin da nake yi in na daina ba aljanu ba ne, jiki ne da ya saba yake nema, kuma akwai yadda ake sauƙaƙa shi. Bayan na dawo da wata huɗu na sake faɗawa, ranar bikin wani abokina. Na ɓuya a ɗaki, na ce shi ke nan, yanzu kam Baba zai wanke hannunsa. Ƙarfe biyar ya ƙwanƙwasa. Ya dube ni ya gane. Ya ce, "Tashi ka wanke fuska. Bitrus sau uku ya yi musun Ubangiji." Tun daga Ista ta 2021 ban ƙara ba.

Dole in ambaci maigidana, wani Alhaji, Musulmi ne. Ya san tarihina sarai, ya ba ni aiki lokacin da nawa suke tsoron in shiga shagonsu, bayan shekara ɗaya kuma ya miƙa mini makulli. Allah ya saka masa da alheri. Wannan annoba ba ta tambayar addini. Rahoton 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ce kusan mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. An kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, tun 1989, tana kamawa tana ƙonawa, muna kuma yaba mata. Amma ba za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar kowa da asuba ba. Wannan aikin maƙwabci ne, da majami'a, da masallaci.

Saboda haka ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya a Zuru, Dabai, Ribah, Mahuta, Yawuri har Birnin Kebbi: duk wanda kuka sa a horo saboda shaye-shaye, ku haɗa shi da mutum guda da zai riƙa zuwa wurinsa, kafin ku tashi daga zaman. Baikon da muke tarawa don rufin kwano da kayan kiɗa, a ware wani abu don kuɗin mota da magani. Kada kuma a tsayar da yaro ya ba da shaida a gaban jama'a bayan mako biyu da dainawa, don in ya sake faɗuwa kunya ba za ta bar shi ya dawo ba. Yanzu da rashin tsaro ya koro iyalai daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, ga samari nan cikin gari ba gona, ba sana'a, wasu sun ga abin da ke hana barci. Masu ƙwaya sun riga mu isa wurinsu.

Baba ya rasu bara. Tocilarsa tana wurina. Mu bakwai ne yanzu muke haɗuwa kowace Alhamis da yamma a gindin mangwaro bayan majami'a, biyu daga ciki har yanzu suna sha, kuma ba ma korarsu. Idan za ku sake shiri a kan wannan batu, Malam Edita, ku ba irinmu dama mu yi magana da bakinmu, ko da za a sakaya sunayenmu. Nawa ma ina roƙo a sakaya, saboda mahaifiyata tana sauraron tasharku kullum da safe.

Naku,
Wani mai sauraro daga Zuru, jihar Kebbi