Wasiƙa Kan Kulle Burauzar Kwamfutocin Makaranta

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibai. Saƙonka ya iso, inda kake tambayar yadda za ka sa kwamfutocin makarantarku su riƙa buɗe shafukan da kuka amince da su kaɗai. Tun da Windows kuke amfani da shi, kuma Chrome yara suka saba, ga yadda ake yi.

Kada ka ɓata lokaci kana toshe miyagun shafuka ɗaya bayan ɗaya, kullum sababbi ake buɗewa, ba za ka cim musu ba. A rufe komai tukuna, sannan a buɗe 'yan kaɗan da ake buƙata.

Amma kafin ka taɓa burauza, gyara asusun shiga kwamfutar. Kowace na'ura ta zama da asusu 2: na shugaba (Administrator) mai kalmar sirri, wanda kai kaɗai ka sani, da na ɗalibai mai ƙaramin iko. In yaro yana zaune a asusun shugaba, duk abin da ka kulle da safe zai iya kwance shi kafin azahar.

Daga asusunka, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta regedit. Bi ta HKEY_LOCAL_MACHINE, sai SOFTWARE, sai Policies. A ciki ƙirƙiri Google, cikinsa Chrome, in babu su. Ƙarƙashin Chrome ka yi maɓallai 2 (abin da regedit ke kira Key), URLBlocklist da URLAllowlist. A na farkon saka String Value mai suna 1, abin da ke cikinsa alamar tauraro * kawai. Wannan tauraron shi ne ya rufe duk intanet. A na biyun kuma kowane shafi da layinsa: 1 ya zama jamb.gov.ng, 2 ya zama neco.gov.ng, 3 waecdirect.org, 4 wikipedia.org, haka har ka gama. Jerin yana ɗaukar har 1,000. Ka ƙara chrome://policy a ciki, domin nan za ka shiga bayan ka rufe Chrome ka sake buɗewa, ka ga ko dokokin sun hau. In wani tsohon bayani ya ce maka URLBlacklist da URLWhitelist, sunayen da ne, an canza su tun 2020, kuma Chrome na yanzu ba ya jin su.

Yadda ake rubuta adireshin shi ne inda mutane suka fi tuntuɓe. In ka rubuta jamb.gov.ng haka ziƙau, ya haɗa da duk rassansa, kamar efacility.jamb.gov.ng, kuma haka kake so. In ka sa ɗigo a gabansa, to wannan adireshin kaɗai ka buɗe, ban da rassa. Shi ya sa ba na ba da shawarar saka google.com gaba ɗaya. Da ka saka shi, ka buɗe binciken hotuna, ka buɗe sites.google.com inda kowa ke iya kafa shafinsa. In Google Classroom kuke so, rubuta classroom.google.com, da docs.google.com, da drive.google.com, sai accounts.google.com saboda shiga asusu. Wannan na ƙarshen ake yawan mantawa, sai malami ya zo yana cewa shafin ya lalace, alhali ƙofar shiga ce aka bari a rufe. Haka ma wajen biyan kuɗi: shafin hukuma yakan tura mutum remita.net, in ba ya cikin jerin, biyan ya tsaya a hanya. Duk lokacin da ka ga ERR_BLOCKED_BY_ADMINISTRATOR, dubi adireshin da ke sama, shi ne wanda ya rage ka ƙara, in ka yarda da shi.

Sai ƙofar baya. Burauzar Edge tana zuwa da Windows, kuma dokar Chrome ba ta shafe ta ba. Ka maimaita aikin nan a Policies, Microsoft, Edge, sunayen maɓallan iri ɗaya ne, ka duba a edge://policy. Firefox kuwa, in ba dole ba, cire shi kawai; nasa tsarin daban ne, da fayil mai suna policies.json. A Chrome da Edge duka ka ƙara ExtensionInstallBlocklist, shi ma da 1 da tauraro, don kada a ɗora ƙananan manhajojin VPN, masu taimaka wa mutum zagaye shinge. Abin da wannan tsarin ba zai hana ba shi ne burauzar da yaro ya zo da ita a filashi, irin wadda ba ta buƙatar girkawa. Maganinta ido ne, a sa allunan su fuskanci inda malami ke zama.

Kada ka zauna kana maimaita wannan da hannu a kowace kwamfuta. In ka gama ta farko ka gwada ta, danna dama a kan Policies ka zaɓi Export, zai ba ka fayil mai ƙarewa da .reg. Kai shi sauran, ka buɗe shi daga asusun shugaba, shi ke nan. Ajiye kwafinsa, domin duk ranar da aka sake wa wata na'ura Windows, kullen ya tafi tare da tsohon.

Wayoyin yaran gida sun fi sauƙi. A Android, manhajar Family Link tana da zaɓin barin shafukan da aka amince kaɗai a Chrome, muddin yaron yana kan asusun Google da kake kula da shi. A iPhone yana cikin Screen Time, wajen takaita abubuwan intanet, da lambar sirri mai lambobi 4. Kada lambar ta zama shekarar haihuwar wani a gidan.

Ka turo mini jerin shafukan da malamai suka nema kafin ka saka, in duba maka waɗanda ke da rassan da za su ba ka matsala. A gaishe mini da su Baba da uwargida.

Naka amini.